Baiwar Allah a Tsakar Gida: Ciyar da Tsuntsayen Daji a Darmanawa

A wurin Bahaushe kiwo abu ne mai manufa. Ana kiwon kaji da zabi da tattabaru don nama da ƙwai da kuɗin ɓatarwa, ana ajiye kare don gadi ko farauta, kyanwa kuwa don ɓera. Kiwon sha'awa zalla kaɗan ne, kuma yawancinsa na tsuntsaye ne, watau kanari a keji saboda daɗin kukansa, da aku saboda maganarsa. Amma akwai wata hulɗa dabam wadda ta girmi keji, ita ce zaman da waɗansu tsuntsayen daji suke yi cikin gidajen mutane, suna ci suna sha, ba wanda ya kama su, ba kuwa wanda ya mallake su. Wannan hulɗa ce take neman yankewa a unguwanni irin su Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kuma ba za ta ɗore ba sai da niyya.

Babban misali shi ne 'yar tsuntsuwar nan da ake kira baiwar Allah. Tsawonta bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa ce da ɗan ja a gindin wutsiya. Takan yi sheƙa cikin jinka ko ramin katanga, ta sauko har gindin turmi tana tsintar tsaba, mata suna daka ba ta ko razana. Sunan kansa shaida ne, gama abin da aka jingina ga Allah yaro yakan ji tsoron jifansa. Haka kuma shamuwa, wadda takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ci fara a gonaki, sa'an nan ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Manomi yana kallonta a matsayin mai bushara, don haka ba a taɓa ta.

Abin lura shi ne, a zamanin da ba kowa ne yake ciyar da waɗannan tsuntsaye da gangan ba. Tsarin gidan ne yake ciyar da su. Sussuka da shiƙa da surfe da bakace duk a tsakar gida ake yin su, kullum ƙasa ba ta rabuwa da gero da dawa da dusa. Gindin randa da bakin rijiya ba su rasa danshi. Durumi da ceɗiya da ɓaure suna ba da 'ya'ya da inuwa, darbejiya ma da aka shigo da ita Nijeriya ta Barno a 1928 ta zama mafaka. Darmanawa a da ƙauye ne mai gonaki a gefen birni. Yanzu birni ya haɗiye shi, har ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 221,000 a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Injin niƙa ya ɗauke aikin turmi, kwano ya maye gurbin jinka, an dafe tsakar gida da siminti, an sare itace don a fitar da ɗakin haya ko shago. Manyan itatuwa sun ragu, sai a wurare kamar Gidan Zoo da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, inda tsuntsayen waje suke cin arzikin inuwar da aka tanada don na keji.

To, mai son maido da wannan zama, da me zai fara? Galibi akan ɗauka hatsi ne, alhali a Kano ruwa ya fi hatsi tsada ga tsuntsu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Mayu kusan ba a ganin ɗigon ruwan sama, a watan Afrilu kuma zafi yakan kai ma'auni 40. Tsuntsu mai cin ƙwaya, kamar kurciya da hasbiya, abincinsa busasshe ne, tilas ya sha ruwa kullum. Saboda haka kasko mai faɗi marar zurfi, da ɗan dutse a tsakiya inda ƙananan tsuntsaye za su tsaya, ya fi mudun gero amfani a bazara. A ajiye shi a inuwa, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, nesa da lungun da kyanwa za ta yi kwanto. Hatsi kuwa tafi ɗaya na gero ko tsaki ya isa, a watsa da sassafe, gwargwadon abin da zai ƙare kafin rana ta take. Abin da ya kwana na ɓera ne.

Sabo kuma ba ya samuwa da gaggawa. Tsuntsu yana gane lokaci da wuri, yana kuma gane mutumin da ba ya zabura. Wanda ya lizimci sa'a ɗaya da kusurwa ɗaya, ya zauna shiru, zai ga tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa mako bayan mako. Amma wannan sabo amana ne mai haɗari, domin tsuntsun da ya daina tsoron mutum shi ne na farko da danƙon yara zai samu. Maigidan da bai ja kunnen 'ya'yansa da na maƙwabta ba, tarko ya ɗana da hannunsa.

Akwai kuma zancen cuta. A Ingila, inda ciyar da tsuntsaye a lambun gida ya zama al'ada, wata cutar maƙogwaro ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsaye wajen 2005, ta yaɗu ta wurin mazubai marasa tsabta, ta hallaka miliyoyi. A nan gida, murar tsuntsaye ta fara bayyana a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006, ta kuma shigo Kano. Don haka wajibi ne a wanke kasko a sake ruwa kowace rana, abin da zai kuma hana sauro hayayyafa a ciki, sa'an nan a raba shi da mashayar kajin gida.

Fifikon wannan hanya a kan keji a fili yake. Kanarin da ake sayarwa a kasuwa yawanci daga daji aka kamo shi, kuma ba duk wanda aka kamo ne yake isa kasuwa da rai ba. Aku kuwa kamu ya yi masa illa har taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg a 2016 ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ta fuskar addini ma, ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. Ga kuma sauƙi ga talaka: babu kuɗin keji, babu fargabar wa zai duba idan tafiya ta kama.

Daɗin daɗawa, kasko makaranta ce. Mai lura zai ga kurciya tana zuƙar ruwa ba tare da ɗaga kai ba, saɓanin kaza. Zai kuma ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi yana bin baiwar Allah duk inda ta sauka. Macensa ba ta yin sheƙa. A cikin ta baiwar Allah take saka ƙwai. 'Ya'yanta sukan fito da zanen cikin baki irin na 'ya'yan mai sheƙar, don haka uwar riƙo ta ciyar da su duka tare, namijin kuma idan ya girma kukan baiwar Allah yake kwaikwayo.