A Kwashe Kaya Tukuna Kafin A Buɗe Tushen Allon Kwamfuta

Akawuna da malaman makaranta da yawa yanzu sun mai da allon nan na kwamfuta, wanda ake kira tabilet, akwatin takardunsu. Rajistar yara, da sakamakon jarrabawa, da lissafin albashi, da wasiƙu, duk a cikinsa suke kwana. Saboda haka ya kamata a san gaskiyar wani aiki da waɗansu masu gyaran waya ke kwaɗaita wa mutane, watau abin da suke kira rutin, suna cewa za a yi shi ba a rasa kome ba.

Ga ma'anar abin. Manhajar Android, wadda Google ya sayi kamfaninta a 2005, bisa Linux aka gina ta. A Linux kuwa akwai matsayin mai cikakken iko, wanda ba a hana shi shiga ko'ina. Masu ƙera allo sukan riƙe wannan iko, su bar mai saye kamar ɗan haya, yana cikin gida amma waɗansu ɗakuna a kulle. Rutin shi ne karɓar makullan gidan duka. Wanda ya karɓa yana iya fid da manhajojin da kamfani ya cusa masa, ya sami fili, ya sarrafa allon yadda ya so.

To, rutin da kansa ba ya share kome. Inda gizo ke saƙa shi ne a ƙofar shiga. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna butloda, ita ke fara tashi idan an kunna allo, ba ta kuwa yarda a tashi da abin da ba na kamfani ba sai an buɗe ta. Ranar da aka buɗe ta, allon yakan share dukan abin da mai shi ya ajiye, ya koma kamar ranar da aka saye shi. Da gangan aka yi haka, domin kada ɓarawo ya ɗauki allon mutum, ya buɗe, ya karanta asirinsa.

Dā akwai waɗansu manhajoji masu haura katanga, kamar Towelroot da George Hotz ya fitar a 2014. Su sukan bi ta wata kafa da aka manta ba a toshe ba, su karɓi iko ba su share kome ba. Amma an toshe kafofin nan tuni, allunan zamanin nan kuma a ɓoye suke rubuta abin da aka ajiye cikinsu. Wanda ya ce maka yana da manhajar da za ta yi aikin da dannawa ɗaya, ka yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido.

Hanyar da ta rage guda ce, a kwashe kaya tukuna. A haɗa allon da kwamfuta, a kwafe takardu da hotuna, sa'an nan a ajiye wani kwafi a Google Drive ko a katin ajiya. A adana hirarrakin WhatsApp da lambobin mutane. A rubuta kalmar sirrin Google a takarda. Kada kuma a gamsu da cewa an kwafe, sai an buɗe kwafin an gani da ido.

Bayan wannan sai a cika batir, a shiga saiti, a taɓa inda aka rubuta Build number sau 7, a kunna OEM unlocking, a buɗe butloda. Daga nan sai a yi aiki da Magisk, wadda John Wu ya fitar a 2016. Ita takan gyara fayil ɗin tashi na allon, a mayar da shi wurinsa. Lalle fayil ɗin ya zama na wannan samfurin allo daidai, in ba haka ba allon yana iya ƙin tashi. In an gama, sai a dawo da kayan da aka kwashe. Wanda butlodarsa ke buɗe tun dā, shi ne kaɗai zai yi aikin ba a share masa kome ba.

Amma fa a san akwai hasara. Manhajojin banki da yawa sukan ƙi aiki a allon da aka yi wa rutin. A allunan Samsung akwai alamar tsaro ta Knox, wadda in ta karye ba ta gyaruwa har abada. Huawei ma ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Allon da ofis ko makaranta ta ba mutum kuwa amana ce, ba shi da ikon taɓa tushensa sai da izni.

Saboda haka duk wanda ya yi niyya, ya tambayi kansa abin da yake nema. In babu wata bukata mai ƙarfi, ya bar allonsa yadda yake. In kuwa akwai, to, ya kwashe takardun jama'a kafin ya miƙa wa mai gyara, domin rigakafi ya fi magani.