Jirgin Sama Na Allon Soso: Aikin Rani Ga Matasanmu

'Yan'uwa manoma, in an gama girbi an kai hatsi rumbu, samarinmu da yawa sukan rasa abin yi. Waɗansu su tafi cin rani birni, waɗansu su zauna banza. Ga wani aikin hannu da ƙungiya za ta iya koya musu, wato ƙera ƙaramin jirgin sama wanda ake tuƙa shi daga ƙasa da rimot.

Kada a ɗauka wasan yara ne kawai. Tun 2016 kamfanin Zipline ya soma kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da jirage marasa matuƙi. Ya shiga Gana a 2019, ya zo Jihar Kaduna a 2022. A Japan kuwa an daɗe ana fesa wa gonakin shinkafa magani da ƙananan jirage masu saukar ungulu na kamfanin Yamaha. Yaron da ya gane yadda ƙaramin jirgi yake tashi ya kama hanyar sanin waɗannan.

Abin da ake ƙira da shi

Allon soso farin abu ne marar nauyi, dangin wanda ake tare rediyo da shi cikin kwali, an manne masa takarda gaba da baya. Kaurinsa wajen milimita 5 ne. Reza tana yanka shi, gam mai zafi yana haɗa shi. Wata ƙungiya mai suna Flite Test a Jihar Ohayo ta Amurka, wadda ta fara a 2010, ta yaɗa wannan hanya, tana kuma ba da zanen jirage kyauta a intanet. Cikinsu akwai Tiny Trainer, wanda aka shirya domin masu koyo.

Kayan da sai an saya su ne: ƙaramin injin lantarki da farfela, na'urar daidaita gudun injin, batir, rimot da abin karɓar saƙonsa, da ƙananan injuna biyu masu jan waya, ana kiransu sarbo, kowane giram 9. Sauran kuwa, tsinken tsire ne da roba da salatif.

Siffar jirgin koyo

Fiffike ya zauna a bisa jikin jirgin, tsawonsa wajen mita 1. Bakinsa na dama da na hagu su ɗaga sama kaɗan. Amfanin wannan shi ne, in iska ta karkatar da jirgin, yakan miƙe da kansa. A soke tsinke biyu a jikin, a ɗaure fiffike da roba, domin in jirgin ya faɗi fiffiken ya zame maimakon ya karye. Abu uku sun isa mai koyo: gudun injin, abin juyawa dama da hagu, da abin hawa da sauka. Na biyu da na uku a wutsiya suke.

Babban abu shi ne ma'aunin nauyi. A auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, a sa alama wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaba. A ɗaga jirgin da yatsu biyu a nan. Ya tsaya daidai, ko hancinsa ya sunkuya kaɗan. In wutsiya ta rinjaya, a matsar da batir gaba, gama jirgi mai nauyin baya ba ya tuƙuwa.

Kada a yi gaggawa

Tun ba a kashe kuɗin ƙungiya a kan injin ba, a fara ƙera jirgin ba inji, a jefa shi da hannu. In ya sauka a hankali ya miƙe, ƙirar ta yi. Sa'an nan a sayi kayan lantarki saiti ɗaya, matasa su riƙa karɓa bi da bi. Jiki yakan karye a sake wani, amma kayan lantarki sukan daɗe.

A tashi jirgi da sassafe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta, a fili, nesa da gidaje, dabbobi da wayoyin wuta. Kullum a jefa shi yana fuskantar iska. Laima tana ɓamɓare takardar, saboda haka a rufe ta da salatif. Zafin rana kuma yana sassauta gam, sai a ajiye shi a inuwa.

Gargaɗi

Batirin waɗannan jirage yakan kama wuta in ya huje ko aka cika shi fiye da kima. Kada a yi cajinsa ba mai tsaro, ko kusa da rumbu da ɗakin ciyawa. Farfela tana yanka yatsa, a cire ta kafin a yi gyara. Game da doka kuma, a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izini. Shugabannin ƙungiya su nemi bayaninta tukuna, su kuma sanar da mai gari da jami'an tsaro.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya lura da aikin, a sa 'yan mata ma a ciki. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.