Abuja zuwa Landan: Sa'o'i Shida a Sama, Yini Guda a Jadawalin Aiki

Duk hadimin da aka ɗora wa nauyin tsara tafiyar minista ko babban sakatare zuwa Landan ya san cewa kuskuren sa'a guda na iya rushe ganawar da aka shafe watanni ana shiryawa. Shi ya sa lissafin nisa da lokaci ya zama wani ɓangare na aikinsa.

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da na Heathrow ta kusa kilomita 4,800 idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya. Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a sa'a, don haka a lissafi tafiyar kusan sa'o'i biyar da rabi ce. Amma idan aka haɗa da jiran izinin tashi, da hawa sama, da shawagi kafin a samu damar sauka a Heathrow mai cunkoso, jirgin da ke tafiya kai-tsaye, kamar na British Airways, kan ɗauki sa'o'i shida zuwa shida da rabi. Wanda kuwa zai yada zango a Doha, Istanbul ko Adis Ababa, tafiyarsa kan ninka haka, wani lokaci ma fiye.

Hanyar da aka saba bi tana ratsa sararin samaniyar Nijar da Aljeriya, ta tsallaka Bahar Rum, ta bi ta Faransa. A nan siyasa kan shigo cikin lissafi. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji sun rufe sararin samaniyar ƙasar a watan Agusta, lamarin da ya tilasta wa jirage yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru. Haka kuma a 2017, rufe filin Abuja na makonni shida domin gyaran titin saukar jirage ya sa aka karkatar da fasinjoji zuwa Kaduna.

Sai batun agogo, inda masu tsara jadawali suka fi yin tuntuɓe. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Abuja da na Landan ɗaya ne. A sauran watanni kuwa, Abuja na gaba da sa'a guda, domin Najeriya ba ta sauya agogonta.

A ƙasa ma akwai lissafi. Filin Abuja na da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, kuma ana son matafiyi ya isa sa'o'i uku kafin tashi. A can kuma akwai layin jami'an shige da fice da jiran kaya, kafin jirgin ƙasa na Heathrow Express ya kai mutum tashar Paddington cikin minti 15.

Idan aka tattara duka, daga sakatariyar tarayya zuwa ofishin jakadancin Najeriya da ke titin Northumberland, tafiyar kan ci sa'o'i goma sha biyu ko fiye. Don haka gogaggun hadimai kan bar dare guda tsakanin sauka da ganawar farko.