Saukar baƙi ta intanet: Darasin Couchsurfing ga zaurukan 'yan ci-ranin Adar

Da zarar an gama girbi an zuba gero a rumbu, samarin Takanamat da sauran garuruwan arewacin Adar sai su fara haɗa jaka. Wasu su nufi Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu kuma Libiya ko Aljeriya. Kafin yaro ya hau mota a tashar Tahoua ya riga ya san inda zai sauka, domin an sanar da zuwansa a zauren WhatsApp na 'yan garinsu, wani kuma ya amsa cewa a turo masa shi.

Aikin waɗannan zauruka ya wuce saukar baƙi. A nan ake karo-karo idan wani ya kwanta asibiti, ko ya rasu a ƙasar waje, ko an koro shi gida ba ko sisi. A nan ake tara kuɗin gyaran rijiya ko rufin aji. Sai dai akwai tambayoyin da ba kasafai ake yin su a fili ba: a hannun wa kuɗin suke, wa ya ga lissafi, kuma me ake yi wa mutumin da ɗakinsa ba ya rabuwa da baƙi?

Irin waɗannan tambayoyi sun taɓa raba kan babban dandalin saukar baƙi na intanet, wato Couchsurfing.

Yadda aikin sa-kai ya zama jari

Wani Ba'amurke mai suna Casey Fenton da abokansa suka buɗe Couchsurfing a 2004. Matafiyi zai nemi wanda zai sauke shi kyauta a garin da ya nufa, bayan rabuwa kowa ya rubuta shaida a kan ɗan'uwansa. An yi wa dandalin rajista a jihar New Hampshire a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Mambobi suka riƙa ba da gudummawa, 'yan sa-kai kuma suka riƙa gina manhajar, suna fassara shafuka, suna shirya tarurruka a biranensu.

A 2006 rumbun bayanan dandalin ya lalace, har Fenton ya sanar cewa abin ya zo ƙarshe. Da taimakon 'yan sa-kai da suka taru a birnin Montreal na Kanada aka farfaɗo da shi.

Daga baya hukumar haraji ta Amurka ta ƙi ba shi matsayin ƙungiyar agaji. A watan Agustan 2011 aka mayar da shi kamfanin neman riba, masu zuba jari na Benchmark da Omidyar Network suka saka dala miliyan 7.6, a 2012 aka ƙara samun wasu dala miliyan 15. 'Yan sa-kai da dama suka yi ƙorafin cewa sun yi aiki ne da sunan taimakon jama'a, ga shi guminsu ya zama hannun jarin wasu ba tare da an nemi ra'ayinsu ba. A watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, kamfanin ya sa wa mambobi a ƙasashe da yawa kuɗin shiga, dala 2.39 a wata ko 14.29 a shekara. Wanda ya shekara goma yana saukar baƙi kyauta ya wayi gari sai ya biya kafin ya ga shafinsa.

Wasu sun bi wata hanyar tun da wuri. 'Yan sa-kai na Hospitality Club, dandalin da Bajamushe Veit Kühne ya kafa a 2000, sun ɓalle saboda saɓani kan rashin bayyana kuɗi da tattara iko a hannun mutum ɗaya. A 2007 suka kafa BeWelcome ƙarƙashin ƙungiyar BeVolunteer mai rajista a Faransa, wadda ke zaɓen shugabanni a babban taron shekara, tana kuma wallafa lissafinta. Bai kai Couchsurfing yawan jama'a ba, amma har yau ba a biyan kuɗin shiga.

Mai gida tun kafin intanet

Hausawa sun daɗe da nasu tsarin. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya bayyana yadda mai gida ke saukar fataken shanu da na goro. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an sayar bashi. Abin da yake samu daga la'ada ne, kuma kowa ya san da haka. Idan ya ci amana labari zai bi hanyar fatake, baƙi su ƙaurace wa gidansa, ga kuma sarkin unguwa da ake kai wa ƙara.

Zauren yau ya gaji saukar baƙin, amma sau da yawa bai gaji wannan ƙa'ida ba. Wanda ke saukar samari biyar a ɗaki ɗaya a Abijan shi ke biyan haya da ruwa da wuta, matarsa ke ƙara awon tuwo, kuma ba a rubuta hakan a ko'ina. Kuɗin karo-karo kuwa suna shiga lambar mutum ɗaya, a aika su gida ta Nita ko Al Izza, rasit ya tsaya a wayarsa. Galibi babba ne a gari, ƙarami kuma yana jin nauyin ya ce, "Alhaji, nawa aka tara?" Admin na da ikon cire duk wanda ya matsa da tambaya. Ko da mai riƙon kuɗin mutum ne mai gaskiya, rashin lissafi na jawo masa zargin da bai ci ba bai sha ba.

Abin da za a iya gyarawa

A Nijar, dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris, 1984 ta tanadi yadda ake kafa ƙungiya da rubutaccen tsari da sanannun shugabanni. Zauren da ya fara tara manyan kuɗi zai amfana da wannan rajista. Kafin nan ma akwai matakan da ba sa cin ko dala:

Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma kada a fitar da komai sai da amincewar mutum biyu ko uku.

A ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita ta saƙon murya da Hausa, domin ba kowa ke karanta Faransanci ba. A saka hoton kowane rasit.

A riƙa juya saukar baƙi tsakanin masu ɗaki, a kuma ware wani abu daga asusu don tallafa wa wanda nauyin ya fi yawa a kansa.

A sa wa shugabanci wa'adi, admin ya zama fiye da ɗaya.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda 'yan sa-kai na Couchsurfing suka rasa. Zauren da ya tara ɗaruruwan 'yan gari ɗaya yana da daraja a idon ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, da ƙungiyar agaji mai neman hanyar shiga ƙauye, da ɗan kasuwa mai neman masu saye. Ya kamata tun yanzu a yanke, a gaban kowa, wa ke da ikon magana da sunan zauren, kuma duk abin da aka bayar saboda shi asusun jama'a zai shiga. Lokacin da ya fi dacewa a zauna a kan wannan shi ne damina, sa'ad da 'yan ci-rani da yawa suka dawo gida noma, kafin motocin kaka su sake kwashe su.