Labarin Masu Rubuta Lambar Jirgin Ƙasa a Ingila

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ga labarin wata al'ada ta mutanen Ingila, wadda mai jin ta da farko zai ɗauka rashin aikin yi ne, amma in ya yi haƙuri ya ji ƙarshenta, watakila ya sake shawara.

Tun daga zamanin Yaƙin Hitila har zuwa wajen 1968, in mutum ya shiga wata babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Landan, ya bi dakalin da fasinja ke tsayawa har ƙarshensa inda rufi ya ƙare, sai ya tarar da yara maza cunkus, da wasu magidanta a cikinsu. Ba tafiya za su yi ba, ba kuwa baƙo suka zo tarya ba. Kowa ya sayi ɗan tikiti na kwabo wanda ke ba shi iznin tsayawa a dakali kurum, yana riƙe da ɗan littafi da fensir, ga guzurinsa a jaka. Abin da suke dako shi ne kan jirgi, watau injin nan mai cin kwal da ruwa wanda ke jan taragu. Kowane kai yana da lambarsa da ba wanda ya tara da shi, manya daga cikinsu kuma har da suna a kan allon tagulla. Da kai ya shigo sai kowa ya duba, ya rubuta lambar.

Al'adar ta daɗe. An sami littafin wata yarinya mai shekara 14, Fanny Johnson, wadda ta riƙa rubuta sunayen kawunan da take gani a kusa da tashar Paddington tun cikin 1861. Amma wanda ya mai da abin ya game ƙasa wani saurayi ne, Ian Allan, akawu a ofishin kamfanin jirgin kudancin Ingila a tashar Waterloo. Cikin aikinsa har da amsa wasiƙun mutane masu tambayar lambobin kawuna da irinsu. Da ya ga tambayar ba ta ƙarewa, sai ya tattara amsoshin wuri ɗaya, ya buga ɗan littafi cikin 1942, ya kira shi ABC, kamar a ce abajada. An buga 2,000, kowane ɗaya sule guda, nan da nan suka ƙare. Daga nan ya bi sauran kamfanoni da irin wannan littafi.

A lokacin kamfanoni huɗu ke riƙe da hanyoyin jirgin ƙasar, kowanne da tashoshinsa a Landan. Jirgin yamma daga Paddington yake tashi, na arewa maso yamma daga Euston, na arewa maso gabas daga King's Cross, na kudu daga Waterloo da wasunta. Saboda haka mai son cika littafinsa dole ya zaga su duka. Kuma kowane kai yana da gidan da yake kwana, inda ake wanke shi a gyara shi, ba safai yakan yi nisa da yankinsa ba. To, ran da wani kai na can ƙasar Sikotilan ya ɓullo a Landan, sai ka ga dakali ya ɗauki sowa, kamar ran da hajar da aka daɗe ba a gani ba ta sauka a kasuwa. Cikin 1948 gwamnati ta haɗe kamfanonin nan ta karɓe su, da kawuna masu tururi wajen 20,000, aka sake wa galibinsu lamba. Kan nan mai suna Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a sa'a guda cikin 1938, gudun da ba wani mai tururi da ya wuce shi har yau, da lambarsa 4468, ya koma 60022.

Ƙa'idarsu guda ce, malamai kuwa za su gane ta da sauri. Ba a jan layi ƙarƙashin lamba a cikin littafi sai wadda mutum ya gani da idonsa. Wanda abokinsa ya gaya masa bai gani ba. Ba mai tsaron wannan ƙa'ida sai zuciyar mai littafi, amma wanda aka kama ya ja layi a kan ƙarya, littafinsa duka ya faɗi a idon 'yan'uwansa. Haka masu riwaya na da suka bambanta tsakanin "na ji" da "an ce", haka kuma falke na ƙwarai ba ya rubuta kaya a lissafi sai ya ƙidaya da hannunsa.

Ba a ce abin ba shi da aibi ba. Cikin 1944 a garin Tamworth, inda hanyoyi biyu suka gitta, ɗaya bisa ɗaya, aka gurfanar da wasu yara gaban alƙali saboda sun shiga kan dogo, har suna ɗora kwabbai jirgi ya take. Hukumomin jirgi suka riƙa korar yara daga wasu tashoshi. Ian Allan yana da ƙungiyar da ya kafa wa masu wannan sha'awa, sai aka sa kowane mai shiga ya ɗauki alkawari ba zai ƙetare shingen reluwe ba, ba kuwa zai taɓa kayanta ba. 'Yan ƙungiyar suka yi ta ƙaruwa har suka haura 100,000.

Banda masu fensir akwai masu ɗaukar hoto, aikinsu kuwa ya fi wuya. Babbar tasha duhu gare ta, domin hayaƙi ya shafe gilashin rufinta, fim ɗin zamanin kuma yana son haske mai yawa, ga tsada, mutum ba ya dannawa sai ya tabbata. Wanda ya fi shahara a cikinsu wani limamin Kirista ne, Eric Treacy. An ba shi coci a unguwar Edge Hill ta birnin Libaful, inda ma'aikatan jirgi suka yi yawa, ya saba da su. Daga tashar Lime Street jirgi yakan hau tudu ta cikin wani kwazazzabo mai zurfi da aka sare a dutse, a nan ya koyi jiran sa'ar da rana za ta leƙo ciki. Yakan shirya da direba da mai zuba kwal tun da wuri, su saki hayaƙi daidai inda yake tsaye. Ya zama bishop na Wakefield cikin 1968, bai bar ɗaukar hoto ba. Cikin 1978 ajali ya riske shi a tashar Appleby yana jiran wani jirgi mai tururi zai wuce. Hotunansa wajen 12,000 suna ajiye a gidan tarihin jirgin ƙasa na birnin York.

Ga inda amfanin abin ya bayyana. Cikin 1955 hukumar jirgi ta yanke shawarar barin tururi ta koma ga man dizal da lantarki. Kai na ƙarshe mai tururi da ta ƙera, Evening Star, ya fito cikin 1960. Cikin 1963 wani rahoto da Dokta Beeching ya rubuta ya ba da shawarar a rufe tashoshi fiye da 2,000 da hanya wajen mil 5,000, aka kuwa rufe galibinsu. Ran 11 ga Agusta 1968 jirgin fasinja na ƙarshe mai tururi na hukumar ya yi tafiyarsa a babbar hanya. Dubban kawuna aka yayyanka aka narke. Abin da kowa ke gani kullum har ba ya ɗaga kai, cikin shekara goma sha uku ya zama labari. To, a sa'an nan aka waiwayi littattafan yaran nan da hotunan. Takardun ofis sun faɗi yadda aka shirya tafiya, littafin yaro kuwa ya faɗi abin da ya auku: kai kaza, ya wuce wuri kaza, rana kaza. Yaran kuma da suka girma, su ne suka yi karo-karo suka fanshi kawuna daga hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Daga fili ɗaya kaɗai, a garin Barry na ƙasar Wales, an ceto 213.

Labarin bai tsaya ga Ingila ba. Dogo ya iso Kano cikin 1911, shi ya kwashi gyaɗa da fata da auduga zuwa bakin teku. Daga masana'antun Birtaniya aka kawo kawunan nan da aka sa wa sunayen kogunan Nijeriya bayan Yaƙin Hitila. Ƙaramar hanyar da ta haɗa Zariya da Jos, wadda aka gama cikin 1914, an rufe ta cikin 1957, waɗanda suka hau ta kuwa sun kusa ƙarewa. Attajiri nawa ne kakansa ya yi arziki a bakin tasha, amma in an tambaye shi wace shekara, a wane jirgi, sai ya ce Allah ne masani? Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016 ita ma wata rana tsohuwa ce.

Saboda haka mai tambaya ko wannan sha'awa wasa ce ko ilmi, sai ya duba yadda ake yinta. In ta hana salla, ko karatu, ko neman halali, ko ta kai mutum inda aka hana shiga, to ɓata lokaci ce da ganganci. A Ingila ma a yau ana son mai ɗaukar hoto ya fara sanar da ma'aikatan tasha, kada kuma ya haska fitilar hoto a idon direba. In kuwa ya nemi izni, ya tsare gaskiya, ya rubuta wuri da kwanan wata a kan abin da ya ɗauka, ko da wayar hannu ce, to ya ajiye shaida wadda jikokinsa za su nema. Ƙwaƙwalwa takan ƙara ta rage, tawada kuwa inda aka bar ta nan ake tarar da ita. Allah ya sa a amfana, amin.