Kwandalolin Da Ke Ɗauke Da Tarihin Sararin Samaniya

Ƙasashe da dama kan buga kwandala ta musamman duk lokacin da wata babbar tafiya zuwa sararin samaniya ta cika shekara 20, 40 ko 50. Wasu kwandalolin an yi su ne don a ajiye, wasu sun shiga hannun jama'a ana cefane da su, wasu kuma su da kansu sun hau kumbo sun bar duniya. Ga kaɗan daga labaransu.

Gagarin a aljihun kowa

Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zagaya duniya cikin kumbon Vostok 1, tafiyar minti 108, ya zama mutum na farko da ya je sararin samaniya. Da abin ya cika shekara 20 a 1981, Tarayyar Sobiyet ta buga kwandalar rubul 1 da hotonsa. A 1983 aka yi wa Valentina Tereshkova tata, mace ta farko da ta yi irin wannan tafiya. A 2001 Rasha ta sake fitar da 'yar rubul 2 mai fuskar Gagarin, sai aka samu wasu ƙalilan sun fito babu tambarin ma'aikatar da ta buga su. Wannan 'yar mantuwa ta sa masu tara tsofaffin kuɗi ke sayensu da ninkin-ba-ninkin darajar da aka rubuta a jikinsu.

Shekara 38 a ƙarƙashin teku

A Yulin 1961 ɗan sama jannatin Amurka Gus Grissom ya cusa ƙulli biyu na kwandalolin senti 10 a aljihun rigarsa, don ya raba wa 'yan uwa da abokai tsaraba. Da kumbonsa Liberty Bell 7 ya faɗa Tekun Atlantika, ƙofar ta ɓalle tun lokaci bai yi ba, ruwa ya cika shi ya nutse, shi kuwa Grissom da ƙyar aka tsamo shi. Sai a 1999 aka ciro kumbon daga zurfin kusan kilomita 5. Da aka shiga tsabtace shi, aka tarar da wasu kwandaloli 52 na senti 10 a ɓoye a ciki, waɗanda ake kyautata zaton ma'aikatan da suka shirya kumbon ne suka saka.

Mikiyar da aka sauya wa kama

Dalar Amurka mai hoton Eisenhower da aka yi ta bugawa daga 1971 zuwa 1978, mafi yawanta tana ɗauke da hoton mikiya tana sauka a kan wata. An ɗauko zanen ne daga bajen tafiyar Apollo 11 zuwa wata, wanda Michael Collins, ɗaya daga cikin matafiyan uku, ya tsara. Da farko ya sa reshen zaitun a bakin mikiyar, amma manyan hukumar NASA suka ga faratanta a buɗe sun yi kama da na mai shirin kai farmaki. Sai aka mayar da reshen cikin faratan, don duniya ta fahimci da salama aka je. Matafiyan kuma suka ƙi yarda a rubuta sunayensu a bajen, saboda aikin na dubban mutane ne.

Kwandala mai lanƙwasa

A 2019, cikar shekara 50 da saukar mutum a wata, Amurka ta buga kwandalolin da ba shimfiɗaɗɗu ba, sun lotsa kamar 'yar tasa. A gefen da ya zurma akwai sawun takalmi a kan ƙurar wata, an kewaye shi da sunayen shirye-shiryen NASA na Mercury, Gemini da Apollo. A gefen da ya turo waje kuwa gilashin hular Buzz Aldrin ne, a cikinsa ana hango Neil Armstrong a tsaye, ga tuta, ga kumbon Eagle. Lanƙwasar ta sa in ka riƙe ta sai ka ga gilashin ya kumburo yadda yake a zahiri. An yi ta zinariya, an yi ta azurfa, an yi wata babba mai faɗin inci 3. Rabin kuɗin da aka ɗora a kan farashinsu ya tafi gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washington.

Ostireliya ta tuna da faifanta

A shekarar dai Ostireliya ta buga tata mai lanƙwasa, da hoton katafaren faifan na'urar Parkes. Hotunan talabijin na takun farko a wata ta tashar Honeysuckle Creek suka iso wa duniya, bayan 'yan mintoci aka koma kan Parkes mai faɗin mita 64, wadda ta ɗauki sauran shirin.

Kwabo a duniyar Mars

Motar bincike ta Curiosity da ta sauka a Mars a Agustan 2012 tana da kwandalar senti 1 ta shekarar 1909 maƙale a jikinta. Masana duwatsu sun saba ajiye kwandala kusa da dutse kafin su ɗauki hoto, don mai kallo ya gane girmansa. Masanin da ke kula da kyamarar hannun motar, Ken Edgett, da kuɗin aljihunsa ya saye ta. Hotunan da ake turowa sun nuna jar ƙurar Mars ta lulluɓe fuskar Abraham Lincoln da ke jikin kwandalar.

Waɗanda ba za su dawo ba

Kumbon New Horizons ya tashi a Janairun 2006 da kwandaloli biyu na senti 25: ta jihar Maryland inda aka ƙera shi, da ta Florida inda aka harba shi. A Yulin 2015 ya gifta Pluto, kusan kilomita biliyan 5 daga nan, kuma har yanzu nausawa yake yi.

Ƙarfen wayar salula

Kazakistan, inda filin harba kumbo na Baikonur yake, ta fara wani jeri a 2006 na kwandalolin tenge 500 masu tunawa da tafiye-tafiyen sararin samaniya. Zoben waje azurfa ne, tsakiyar kuma tantalam, ƙarfen da ake sawa a cikin kayan wayar salula.

Rabon Kano

A zamanin shirin Mercury, NASA ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya, ɗaya daga ciki a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da John Glenn ke zagaya duniya, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi. A 1963 Nijeriya ta fitar da kan sarki guda biyu: na sisi mai hoton kumbon Mercury da tashar Kano, da na sule da taro mai hoton tauraron ɗan adam da tashar jiragen ruwa ta Legas. Daga jirgin ruwan Kingsport da ke wannan tasha aka haɗa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2 a Agustan shekarar, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya ta tauraron ɗan adam. Wannan tarihi namu ne, ya kamata a koya wa yaran makaranta shi, kuma ya cancanci a buga masa kwandalarsa.