Kwikwiyon oga ya ƙi cin abinci: abin da mai gadi da mai aikin gida ya kamata su sani

Duk wanda ya yi aikin gadi ko aikin gida a Lekki, Ikoyi, Bodija ta Ibadan ko GRA ta Fatakwal ya san yadda abin yake. Tsaron ƙofa aka ɗauke ka, amma kafin wata ya ƙare an haɗa maka da wankin mota, da ban ruwan fulawa, da ba wa kare abinci. Karen ma ba irin wanda muka sani a gida ba ne, na farauta ko na tsaron garke, wanda ake zuba wa ƙanzo da sauran tuwo ya ci ya miƙe. Wani ɗan mitsitsi ne mai gashi buzu-buzu, Lhasa ko Eskimo ko Pomeranian, wanda sau da yawa kuɗin da aka saye shi ya fi albashin mai kula da shi. Yawancinmu ba mu taso da kare a cikin ɗaki ba, wasu ko taɓa shi ba sa son yi. To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ran da kwikwiyon nan ya kwanta ciwo alhali oga ya yi tafiya, kai za a fara tambaya me ka ba shi.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, ƙanƙantar kare ba ta nufin yana buƙatar abinci maras ƙarfi. Idan aka auna kilo da kilo, ƙaramin kare ya fi babba ƙona abinci a jikinsa, ga shi kuma cikinsa ɗan kaɗan ne, loma kaɗan ya cika. Kwikwiyon da bai kai kilo 2 ba, hantarsa ba ta iya ajiye sukari mai yawa. Idan ya daɗe bai ci komai ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa farat ɗaya. Za ka ga ya yi laushi, yana rawar jiki, yana tangaɗi kamar mai jiri, wani har ya riƙa shure-shure irin na farfaɗiya. Wannan yana kisa. In ka ga haka, ka lakaci zuma kaɗan ka shafa masa a dasashi, kada ka ɗura masa ruwa ko madara a baki don zai iya shaƙewa, sannan a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.

Shi ya sa tsarin nan na “sau ɗaya da yamma” da ake yi wa manyan karnukan gadi bai dace da shi ba. Daga yaye, wato wajen mako 8, zuwa wata 3 ko 4, sau huɗu ake ba shi a rana. Daga nan sau uku har ya kai wata 6, sannan a koma sau biyu. Yawan abincin yini bai ƙaru ba fa, rarraba shi kawai aka yi. Ruwa mai tsabta kuwa ya kasance a gabansa kullum.

Yanzu maganar buhu. In madam ta aike ka kanti, ko kai da kanka kake da kwikwiyon, ka duba rubutu uku a jikin buhun. Na farko kalmar Puppy, wato na ’yan kwikwiyo ne. Na biyu Small breed ko Mini, wato na ƙananan karnuka. Ƙwayoyinsa ƙanana ne daidai bakinsa, kuma an tara ƙarfin abinci mai yawa a cikin ɗan awo. Na uku Complete, ma’ana abincin shi kaɗai ya wadatar, ba sai an haɗa da wani abu ba. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa suke bin ma’auninta, ta ce abincin kwikwiyo mai girma kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 22.5 cikin 100, mai kuma kada ya gaza kashi 8.5, idan an cire lissafin ruwan da ke ciki. Na babban kare kashi 18 ne na furotin. Ka ga ke nan wanda ya ɗebi abincin Alsatian ɗin bayan gida ya zuba wa kwikwiyon falo ya rage masa haƙƙinsa, ga ƙwayoyin sun yi wa haƙoransa girma. Ƙananan karnuka suna gama girma da wuri, tsakanin wata 9 zuwa 12, a nan ne ake mayar da su kan abincin manya. Ka kuma duba ranar ƙarewar wa’adi da lambar NAFDAC. Sunan kamfani, ko na waje ne irin su Royal Canin da Pedigree ko wanda ake yi a nan gida, bai kai waɗannan rubuce-rubucen muhimmanci ba.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu a nan kudu, ita ce laima. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 abincin da ake shigowa da shi ya yi tsada, sai wasu masu kanti suka koma farke babban buhu suna sayarwa awo-awo a leda. Araha ce, amma ba ka san yaushe aka buɗe buhun ba, ba ka ga wa’adinsa ba. A damina irin ta Legas ko Kalaba, buhun da aka bari a buɗe yana yin funfuna cikin ɗan lokaci, man da ke cikinsa kuma ya yi ɗoyi. Duk wanda ya taɓa ajiye gyaɗa ko masara ya san gubar da funfuna ke haifarwa, wadda likitoci ke kira aflatoksin, mai lalata hanta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka bayan sun ci wani abincin buhu da wannan guba ta gurɓata, har aka janye shi daga kasuwa. Tun da ɗan kwikwiyo ba ya cin da yawa, ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda ko makamancin haka ya fi. A ɗaure bakinsa, a sa shi cikin bokiti mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da ɗakin janareta. Wani lokacin karen da ake cewa yana yanga, hancinsa ne ya ji abin da naka bai ji ba.

Wasu gidajen dafawa suke yi, shinkafa ko ɓurɓushin taliya da kai da ƙafar kaza. Ga babban kare ana lallaɓawa da haka. Ga kwikwiyo mai gina ƙashi akwai gyara. Nama zalla da shinkafa ba su da isasshen kalsiyam, kuma rashinsa kan sa ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. In dole sai an dafa, a yi amfani da tsokar kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, da shinkafa ko dankalin Hausa, da ɗan karas ko kabewa, ba gishiri ba magi ba yaji, kuma likita ya faɗi abin da za a ƙara na kalsiyam da yawansa. A ganina, a watannin farko abincin buhu mai kyau ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, musamman in mai dafawar ba shi ne mai sayen kayan ba.

Sai abin da ke kashewa daga cikin kwanonmu. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Wato jalof, da miyar dage-dage, da tsire mai yaji da albasa duk sun fita. Cakulan guba ce gare shi, haka goro da kofi, don sinadaran da ke cikinsu dangin juna ne. In kana cin goro a bakin get, kada ka yar da guntu inda zai tsinta. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe masa ƙoda. Cingam ɗin da aka rubuta babu sukari sau da yawa yana ɗauke da wani sinadari, zailitol, wanda kaɗan ɗinsa ya isa ya kayar da ƙaramin kare. Madarar shanu da shayi mai madara kan sa shi zawo. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

To, ga tsirfa. Gaskiyar magana, yawancin karnuka masu zaɓen abinci mutanen gida ne suka koya musu. An zuba masa nasa ya shinshina ya juya, madam ta ji tausayi ta yago masa cinyar kaza. Gobe ya sake, yara suka ba shi biskit. Kwana uku ya gane cewa in ya yi haƙuri abin da ya fi daɗi yana zuwa. Kare ba wawa ba ne. Maganin shi ne lokaci tsayayye: a ajiye kwano minti 15 zuwa 20, in bai ci ba a ɗauke, kada a ba shi komai sai lokacin ci na gaba. Ɗan abin marmari da ake ba shi a hannu kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a yini. In ƙwayoyin sun yi masa tauri, musamman tsakanin wata 3 zuwa 6 da yake famfara dasashinsa na ciwo, a zuba ruwan ɗumi kaɗan a bari su jiƙa. Ƙamshin ma yana tashi ya ja shi. Abin da aka jiƙa in ya rage a zubar, a zafin nan ba ya daɗewa yake lalacewa. Cokali ɗaya na abincin gwangwani na ’yan kwikwiyo a gauraya a ciki shi ma yana aiki. A ba shi a wuri maras hayaniya, ba kusa da babban kare da zai tsorata shi ba.

Abin da bai kamata ba shi ne canza buhu duk mako ana neman wanda zai so. Wannan yana ƙara masa tsirfar, ya kuma ɓata masa ciki. In za a canza, a ɗauki kamar kwana 7: kwana biyu kashi ɗaya na sabo cikin uku na tsoho, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu sabon ya rinjaya, sannan sabon zalla. Wannan horo kuwa ba ya yiwuwa sai gida duka sun yarda. In kai kana ɗauke kwano, mai girki tana zuba masa romo ta bayan kicin, aikin banza ake yi, gara ka faɗa wa oga tun wuri.

Amma a kula, dabarar ɗauke kwano ta kare mai lafiya ce, wanda yake wasa yana tsalle yana bin ka da ido in kana cin abinci. Ɗan ƙaramin da bai kai wata 4 ba, ba a barin sa da yunwa don a hore shi. In ya tsallake ci biyu a jere, a kira likita ranar. Haka in ƙin cin ya zo da amai, ko zawo mai jini da wari, ko kwanciya ba motsi. Waɗannan alamomin cutar parvo ne, wadda ke kama ’yan kwikwiyon da ba su gama allurarsu ba, ta kuma ƙarar da ruwan jikinsu cikin kwana kaɗan. Allurar ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har wajen mako 16, don haka ka tambayi oga katin rigakafin ka ga inda aka tsaya. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: in ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ne ya yi ƙasa, kuma a nan ƙasar kaska da tsutsar ciki ne kan gaba wajen jawo haka. Kumburin ciki tare da rama shi ma yakan nuna tsutsa.

Asibitocin dabbobi masu zaman kansu suna da yawa a manyan garuruwan kudu, ga kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami’ar Ibadan, da Jami’ar Aikin Gona ta Abeokuta, da ta Umudike, da Jami’ar Nsukka. Tun kafin oga ya kama hanya ka karɓi lambar likitan da ya saba duba karen, ka sa ya nuna maka da hannunsa kofin awo da iya inda ake cika shi. In wani abu ya faru yana can, ka ɗauki ɗan bidiyo ka tura masa ta WhatsApp a take, ka rubuta lokacin da kwikwiyon ya ci na ƙarshe da abin da ya ci, don shi ne tambayar farko da likita zai yi maka.